Asabar Ko Lahadi? Labarin 'Yan'uwanmu Masu Sujada A Rana Ta Bakwai

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Saminaka da safiyar Asabar, in ya iso Jengre zai ga abin da zai sa ya sake ƙirga ranakun mako da yatsunsa. Mata sun ci ado sun kafa ɗaurin kallabi, maza na riƙe da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, yara na biye da su, kowa ya nufi majami'a. Baƙo sai ya ɗauka ko ɗaurin aure ake yi, ko kuwa an yi rasuwa. Alhali sujadar mako ce kawai. Kashegari kuwa, lokacin da mu muke buga ƙararrawa, sai ka gan su da fartanya a kafaɗa sun nufi gona.

Waɗannan su ne 'yan ikkilisiyar Seventh-day Adventist, waɗanda muka fi sani da 'yan SDA ko 'yan Asabar. Muna cin kasuwa ɗaya da su, 'ya'yanmu na makaranta ɗaya, akwai ma auratayya a tsakaninmu. Amma da yawa daga cikinmu abin da muka sani game da su bai wuce ba'a da zolaya ba: wai Yahudawa ne, wai sun ɓata lissafi, wai bauta wa rana ta bakwai suke yi. Su ma a cikinsu akwai masu zafi da ke gaya mana ido da ido cewa Lahadinmu ranar arna ce da wani sarkin Roma ya ƙaƙaba mana. Mun ga ya dace mu zauna mu duba maganar da natsuwa, domin akwai abin da ke damun waɗannan bayin Allah a ƙasar nan wanda gardamar rana ta rufe mana ido ba mu gani.

Harshenmu kansa shaida ne

Bari mu fara da abin da babu jayayya a kansa. Sunayen ranakunmu daga Larabci muka aro su. Lahadi ma'anarta ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Laraba ta huɗu, Alhamis ta biyar. Juma'a ranar taruwa ce. Asabar kuwa tushenta ɗaya da kalmar Ibrananci da ke nufin tsayawa daga aiki, watau hutu. Saboda haka duk Bahaushen da ya ce Asabar, ya riga ya ce ranar hutu ko bai sani ba, wanda ya ce Lahadi kuma ya ce rana ta fari. A nan 'yan Asabar ba su ɓata lissafi ba ko kaɗan.

Wasu cikinmu sukan ce ai an sha canza kalanda, wa ya san rana ta bakwai ta ainihi? Wannan hujja ba ta da ƙarfi, gara mu daina kawo ta. Lokacin da Paparoma Gregory na 13 ya gyara kalanda a 1582, an tsallake kwana goma, amma jerin ranakun mako bai motsa ba: Alhamis 4 ga Oktoba, kashegari Juma'a 15 ga Oktoba. Yahudawa kuma, duk inda suka warwatsu a duniya, ba su taɓa saɓani a kan ranar hutunsu ba.

Hujjar 'yan'uwan namu a sarari take. Suna nuna Farawa 2:2-3, inda Allah ya huta a rana ta bakwai ya kuma keɓe ta, tun ba a haifi Bayahude ko ɗaya ba. Suna nuna Fitowa 20:8-11, su ce wannan doka tana tsakiyar Dokoki Goma, me ya sa za mu riƙe tara mu saki ɗaya? Suna nuna Luka 4:16, cewa al'adar Yesu ce shiga majami'a ran Asabar, da Ayyukan Manzanni 13 da 16, inda Bulus ya yi wa'azi a wannan rana. Daga nan sai su jefa tambayar da ta sha tsayar da matasanmu a bakin hanya: nuna mana aya ɗaya tak da ta ce an mayar da Asabar Lahadi. Gaskiya ɗaya ce, babu ayar da ta faɗi haka kai tsaye, kuma duk mai wa'azin da ya ce akwai ya jawo wa kansa kunya.

To, mu a kan me muka tsaya? Muna taruwa ran Lahadi domin a ranar ce Ubangiji ya tashi daga matattu, a ranar ce kuma ya bayyana ga almajiransa kamar yadda Yahaya 20 ya ba da labari. A Taruwasa masu bi sun taru a rana ta fari domin gutsuttsura gurasa (Ayyukan Manzanni 20:7). Bulus ya umarci Korantiyawa su riƙa ware baikonsu a rana ta fari (1 Korantiyawa 16:2). Da manzanni suka zauna a Urushalima domin su yanke abin da za a ɗora wa al'ummai da suka tuba, a Ayyukan Manzanni 15, ba su sa kiyaye Asabar a ciki ba. Daɗin daɗawa, a Kolosiyawa 2:16-17 manzo ya hana masu bi su bar wani ya hukunta su a kan abinci ko idi ko Asabar. 'Yan Asabar suna da tasu fassarar wannan aya, suna cewa Asabar ta bukukuwan shekara ake nufi. Mu ba mu gamsu da wannan fassara ba, kuma ba za mu ɓoye ba.

Maganar Sarki Kustantin

Wannan ita ce sandar da aka fi dukanmu da ita, shi ya sa za mu ɗan tsaya a kanta. Gaskiya ne cewa ran 7 ga Maris na shekara ta 321 Sarki Kustantin na Roma ya kafa dokar cewa alƙalai da mutanen birni da masu sana'a su huta a ranar da Romawa ke kira ranar rana. Ya ma keɓe manoma, ya bar su su yi aikinsu don kada lokacin shuka ya wuce su. Gaskiya ne kuma cewa majalisar shugabannin ikkilisiya da ta zauna a Lawudikiya wajen shekara ta 364 ta hana masu bi hutun Asabar irin na Yahudawa.

Amma Kustantin ya tarar da masu bi suna sujadar Lahadi ne tun kaka da kakanni. Wajen shekara ta 150, watau kusan shekara 170 kafin dokarsa, wani malamin ikkilisiya mai suna Justin, wanda daga baya aka kashe shi saboda bangaskiyarsa, ya rubuta wa sarkin Roma na zamaninsa bayanin yadda masu bi ke taruwa a wannan rana: a karanta rubuce-rubucen manzanni da na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a yi addu'a, a ci Jibin Ubangiji, a tara taimako domin marayu da gwauraye. In ka karanta sai ka ce sujadarmu ta makon jiya yake siffantawa. Waɗannan mutane ana farautarsu ne a lokacin, kuma Lahadi ranar aiki ce gare su. Sukan taru da asuba, sa'an nan kowa ya kama hanyar aikinsa. Abin da Kustantin ya ƙara shi ne hutun gwamnati.

Mu ma kuwa akwai abin da ya kamata mu karɓa. In da babu masu bi da ke kiyaye Asabar a ƙarni na huɗu, da majalisar Lawudikiya ba ta ɓata lokacinta wajen hanawa ba. Wani marubucin tarihin ikkilisiya na ƙarni na biyar, Sokratis, ya ba da labarin cewa ikkilisiyoyi da yawa na zamaninsa suna taruwa ran Asabar ma, ban da na Roma da Iskandariya. A nan nahiyarmu kuma, ikkilisiyar Habasha ta yi fama da wannan gardama fiye da shekara 100. Wani malami mai suna Ewostatewos ya nace a kan kiyaye Asabar har ya bar ƙasar ya mutu a baƙunci, almajiransa suka sha tsanani. Sai a 1450 Sarki Zara Yakob ya tara majalisa a Debre Mitmak, aka yanke cewa a girmama ranakun biyu. Ikkilisiyar Orthodox ta Habasha tana kan wannan har yanzu. Wanda duk ya ce kiyaye Asabar sabon abu ne da Amurkawa suka ƙirƙiro, bai san tarihin maƙwabtansa ba.

Daga Amurka zuwa Jengre

Ikkilisiyar SDA kam a Amurka aka haife ta. Wani manomi mai wa'azi, William Miller, ya yi lissafi daga littafin Daniyel ya ce dawowar Almasihu ta kusa, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844. Rana ta fito ta faɗi, ba abin da ya faru. Da yawa suka watse. Cikin ragowar da suka tsaya ne koyarwar Asabar ta shiga, ta hannun wata mata mai suna Rachel Oakes, 'yar ikkilisiyar Baptist masu kiyaye rana ta bakwai, waɗanda tun ƙarni na 17 suke a Ingila, suka kuma kafa ikkilisiyarsu ta fari a Amurka a 1671. Wani tsohon matuƙin jirgin ruwa, Joseph Bates, ya ɗauki koyarwar ya yaɗa ta, James White da matarsa Ellen suka karɓa. A 1863 aka kafa ikkilisiyar da tsarinta a garin Battle Creek. Kalmar Adventist tana nufin masu jiran dawowar Ubangiji. Ya zuwa 2023 membobinsu a duniya sun haura miliyan 22.

A 1914 David Babcock ya iso ƙasar nan daga Saliyo, ya zauna a Erunmu kusa da Ibadan. Sunansa ne aka sa wa jami'arsu da ke Ilishan-Remo a 1999. Arewa kuwa sai a farkon shekarun 1930 suka iso, lokacin da Fasto John Hyde da matarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, suka sauka a Jengre suka fara da ɗakin shan magani, wanda ya zama asibiti a 1947. A lokacin SIM, wadda ta fara ƙoƙarinta tun 1893, da SUM wadda ta iso Wase a 1904, da mishan na 'Yan'uwa da ya sauka Garkida a 1923, duk sun riga sun kafa Lahadi a zukatan mutane. Gwamnatin Turawa kuma ta riga ta rufe ofisoshinta a ranar. Saboda haka 'yan Asabar sun tarar da ƙasa an gama shimfiɗa makonta ba da su ba. Mu tuna kuma, asibitin nan na Jengre bai taɓa tambayar majinyaci ranar da yake sujada kafin a ba shi gado ba.

Yadda suke kiyaye ranar ya isa a yi nazari. Asabar tasu tana farawa ne daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa faɗuwar rana ran Asabar. Juma'a ranar shiri ce: a yi cefane, a yi niƙa, a ɗebo ruwa, a yi wanki da guga, a dafa abin da za a iya dafawa. Rana na faɗuwa sai iyali su taru su marabci Asabar da waƙa da addu'a. Da safe a yi makarantar Asabar, manya da yara kowa da ajinsa, sa'an nan sujada. Da yamma a ziyarci marasa lafiya. Ba saye, ba sayarwa, ba gona. Aikin ceton rai kuwa ba su hana shi ba, likita da ungozoma suna bakin aikinsu, suna kafa hujja da yadda Ubangiji ya warkar da mutane a ranar.

Akwai inda tsananin nacewa a kan rana ya kai su ga tsaka mai wuya, ba laifi mu ambata a taƙaice. A ƙarshen 2011 tsibirin Samowa ya canza lissafin kwanansa, mutane suka kwanta Alhamis 29 ga Disamba suka tashi Asabar 31 ga wata. Sai 'yan SDA na can suka rabu: masu ƙirga kwana bakwai suka tarar rana ta bakwai ta faɗo ran Lahadi, wasu kuma suka bi sunan rana. A Nefal kuwa, masu bi irinmu ran Asabar suke sujada, domin ita ce ranar hutun da ƙasar ta saba da ita. A Masar da yawa sukan je majami'a ran Juma'a.

Abin da ranar ke ci musu

Yanzu ga ainihin abin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Mu ba mu taɓa zaɓa tsakanin sujada da ƙuri'a ba. Ba a taɓa ce wa ɗanmu ko dai ya je makarantar Lahadi ko ya rubuta jarrabawar shiga jami'a ba. Gwamnati ta ba mu Lahadi kyauta, 'yan'uwanmu Musulmi kuma ana tashi aiki domin su je masallacin Juma'a. Sai duk abin da aka rasa inda za a sa shi aka jibge shi a kan Asabar.

Zaɓen 12 ga Yuni 1993 ran Asabar aka yi shi. Haka na shugaban ƙasa na 28 ga Maris 2015, da na 23 ga Fabrairu 2019, da na 25 ga Fabrairu 2023. Ɗan SDA mai riƙe da koyarwar ikkilisiyarsa, ga katinsa a aljihu, amma kafin rana ta faɗi an gama jefa ƙuri'a. Tsabtace muhalli da gwamnatin soja ta kafa a tsakiyar shekarun 1980, Asabar ta ƙarshen wata aka zaɓa, ana tsare hanya da safe daidai lokacin da suke tafiya majami'a. Shekara da shekaru jarrabawar JAMB ta takarda ran Asabar aka riƙa rubuta ta. A manyan makarantu malami yakan sa lacca ko gwaji ran Asabar, ɗalibin da ya ƙi zuwa ya maimaita darasin. Mai shago kuma ya rufe a ranar da ciniki ya fi kankama.

Wani dattijon ikkilisiyarsu ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja yana neman a daina sa zaɓe da jarrabawa ran Asabar. A 2024 kotun ta kori ƙarar. Ba mu zama alƙalai ba, kuma mun san ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 ba za ta iya gamsar da kowa a rana ɗaya ba. Amma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 da ya ba kowa 'yancin addini bai ce sai masu yawa ba. A Amurka, a 1963, Kotun Ƙoli ta goyi bayan wata ma'aikaciyar masaƙa 'yar SDA, Adell Sherbert, wadda aka sallama domin ta ƙi aikin Asabar sa'an nan aka hana ta kuɗin tallafin marasa aiki. Hukuncin nan ya zama garkuwa ga mabiya addinai da yawa a can, har da masu Lahadi. Ƙasashe da dama a tsakiyar mako suke zaɓe, Amurka ran Talata, Ingila ran Alhamis, Afirka ta Kudu sau da yawa ran Laraba tare da ba da hutu. Ba abin da ya gagara ba ne.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne shirunmu. Mu da muke kuka a wasu garuruwan arewa cewa an hana mu filin gina majami'a domin mu tsiraru ne, mun fi kowa sanin ɗacin wannan kalma. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna koya wa matasanmu labarin Eric Liddell, wanda ya ƙi tseren mita 100 a wasannin Paris na 1924 domin zagayen farko ya faɗo ran Lahadi, muna kiransa jarumin bangaskiya. Yarinyar da ta bar jarrabawa saboda Asabar kuwa sai mu ce mata mai taurin kai. Ina bambancin, in ba sunan rana ba? Romawa 14:5-6 ya bar wa lamirin kowa maganar fifita rana, muddin domin Ubangiji yake yi.

Laifi tudu ne kuma. Iyayenmu na farko a cikin bangaskiya, waɗanda mishan suka koya wa kiyaye Lahadi da tsanani, ba sa zuwa gona ko kasuwa a ranar, akwai ma waɗanda suka sha duka a ƙauyukansu saboda haka. Yau fa? Muna fitowa sujada sai a buɗe shago. Taron ƙungiyar gari, adashi, zaman kwamiti har dare. Matan zumunta tun asuba suke tsaye har a kwanta. Yarinyar da muka ɗauko daga ƙauye tana mana aiki, ita ce aka bari da girki da wanke-wanke mu muka tafi majami'a, alhali Maimaitawar Shari'a 5:12-15 ta sa bara da baranya da baƙo har da jaki cikin masu haƙƙin hutu. Mun ci gardamar rana a bakinmu, hutun kuwa mun bar wa 'yan Asabar.

Akwai abin da bai sai mun jira kotu ba. Shugaban makarantar ikkilisiya zai iya duba jerin ɗalibansa kafin ya sa gwaji. Mai kamfani ko mai gareji da ke da yaro ɗan SDA zai iya musanya masa Asabar da Lahadi, shi ma ya samu mai tsare masa wuri ranar da yake sujada. Shugabanninmu da ke zama da hukuma za su iya sa bakinsu a maganar ranar zaɓe.

Mun san wata ikkilisiya da aka sa ranar auren wata yarinya marainiya ran Asabar kamar yadda aka saba. Kawunta, wanda ya riƙe ta ya biya mata makaranta har ta gama, ɗan SDA ne. Da ta kai masa katin, ya duba ya ce, "'Yata, Allah ya sa albarka. Ki yi mini haƙuri, ba za ki gan ni ba sai rana ta faɗi." Ta ce, "Kawu, in ba ka nan wa zai miƙa ni?" Dattawa suka yi zama biyu. Wasu suka ce ba za a canza tsarin ikkilisiya saboda mutum ɗaya da ba ma memba ba ne. Dangin ango suka kawo kukan cewa ma'aikata ba za su samu zuwa ba in ba Asabar ba, kuma kukan nasu gaskiya ne. Daga bisani aka mayar da auren Juma'a da ƙarfe goma na safe. Wasu baƙin ba su zo ba, an kuma sake buga kati. Kawun ya miƙa 'yarsa, ya ci shinkafar biki, ƙarfe huɗu ya yi sallama ya hau babur domin ya isa gida kafin faɗuwar rana.